Zan tafi aiki Trinidad, me ake ci a bakin titi safe da rana?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Allah ya yi na samu aikin jinya a Trinidad, can kudancin ƙasar, kuma tafiya ta matso. Ni tuzuru ne, girkina bai wuce shayi da Indomie ba, ga shi aikin safe tun duku-duku ake fita. Don Allah waɗanda suka san yankin Karibiyan, me mutane ke saya a hanya su karya? Da rana fa? Abin da zai riƙe ciki nake nema, marar tsada, wanda Musulmi zai ci hankali kwance. Kada wanda ya ce in koyi girki, Hajiyarmu ta yi faɗan har ta gaji.

Maman Biyu: Ka yi aure ka tafi da ita, magana ta ƙare.

Ɗan Tudun Wada: Anti, kuɗin jirgin mutum ɗaya ma da ƙyar da jiɓin goshi aka haɗa.

Likitan San Fernando: Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya kawo ka lafiya. In dai kudu za ka zauna, to mahaifar doubles za ka sauka. Tun kafin rana ta fito za ka ga mutane sun yi cincirindo a gindin 'yar rumfa ko bayan wata mota, ɗan sanda da lebura da ma'aikacin banki, kowa a tsaye ya ɗan sunkuya kada romo ya ɗiga masa a riga. Doubles suke ci.

Fulawa ce ake kwaɓawa da yis da gishiri da ɗan kurkur, a bar ta ta tashi, a gutsuro kaɗan a baza da hannu ta yi fale-fale, a jefa cikin mai mai zafi. Ba ta daɗewa ake tsamewa. Sunanta bara. Ba a so ta yi ƙarau, shi ya sa ake jibge su cikin kula a lulluɓe su yi laushi. Mai sayarwa zai shimfiɗa takarda a tafin hannunsa, ya ɗora bara biyu ɗaya ta ɗan hau ɗaya, ya zuba channa a kai. Channa wani wake ne dunƙulalle, a jiƙa shi ya kwana, a dafa da albasa da tafarnuwa da kori da wani kayan ƙamshi da suke kira geera har romon ya yi kauri. Sai kayan haɗi: miyar tsamiya mai zaƙi-zaƙi, gurzajjen kokwamba, kuchela wadda ake yi da ɗanyen mangwaro, da wani ganye mai ƙamshi, shado beni, wanda ba abincinsu da ba ya shiga. Ba nama, ba ƙwai, ba madara. Kuɗin ɗaya bai wuce dalar Amurka guda ba a yawancin wurare.

Abu ɗaya zan ja maka kunne. Zai tambaye ka yaji. Ka ce masa slight, wato kaɗan, ka tsaya a nan har sai harshenka ya san garin. Ƙasar da ake noma Moruga Scorpion ke nan, barkonon da masu bincike na jami'ar jihar New Mexico suka ce ya fi kowanne zafi a 2012. Ba shi ake zuba wa kowa ba, amma mutanen da suka tashi a maƙwabtansa, abin da suke kira kaɗan ba kaɗan ɗinmu ba ne.

Bakano Mai Gardama: Likita, Allah ya huci zuciyarka, amma fanke biyu da wake ne karin kumallon ƙaton da zai yini a tsaye kan marasa lafiya? Kafin ƙarfe goma cikinsa zai fara kiran ciroma.

Likitan San Fernando: Wa ya ce maka ɗaya ake ci? Kana tsaye kana ci yana haɗa maka wani, in ka gama ka miƙa hannu, sai ka ƙoshi sannan ka faɗi nawa ka ci ka biya. Na ga yarinya siririya ta tashi da uku ta ce a ƙunsa mata biyu. Kuma a rumfar za ka samu aloo pie, doguwar fulawa da aka cusa wa dakakken dankalin turawa aka soya, a tsaga ta a zuba channa a ciki. Wannan ita ce mai nauyi. Akwai saheena ta ganyen gwaza da garin wake, akwai pholourie 'yan ƙanana kamar ƙosai da ake tsoma wa a tsamiya. Ranar da ba ka aiki ka je Debe, ba nisa daga San Fernando, rumfunan a jere suke a bakin titi.

Anti Toronto: Ni fa ban yarda a ce doubles ne sarkin abincin titi a Karibiyan ba. Ku tambayi duk wanda ya zauna Toronto ko Landan ko New York, patty ɗin Jamaika ya fara sani. Ɓawonsa rawaya mai ɓare-ɓare, cikinsa niƙaƙƙen naman sa da albasa da tayim da attaruhu. Ka karɓa a takarda ka ci kana tafiya, ba romon da zai ɓata maka farin kayan aiki. In yunwar da gaske take, sai ka sa a tsaga coco bread a saka patty ɗin a ciki, burodi a cikin burodi, haka 'yan makaranta da direbobi ke yi a Kingston da rana. Kamfanin Tastee tun 1966 yake wannan sana'a a can, kuma wanda ya kafa shi, Vincent Chang, asalinsa ɗan Sin ne.

A nan Toronto har rigima aka yi a kansa a 1985. Jami'an duba abinci suka ce a dokar Kanada ba a kiran abu patty sai dunƙulen nama zalla irin na hambaga, don haka masu sayarwa su canza suna ko a ci su tara. 'Yan Jamaika suka ce ba su san zancen ba. Da ƙyar aka sasanta a kan a riƙa cewa Jamaican patty. Har yau ana tuna ranar, 23 ga Fabrairu.

Ɗan Tudun Wada: Anti, ai ni Trinidad za ni, ba Jamaika ba.

Anti Toronto: Ka ce yankin Karibiyan da bakinka. Kuma wa ya san inda aiki zai jefa ka gobe?

Likitan San Fernando: Hajiya, patty ɗinki na da daɗi, ban musa ba. Amma yaron nan sharaɗi uku ya kafa, na ukun shi ne hankali kwance. Patty sai ka tambayi wa ya yanka saniyar, sai ka tambayi da wane kitse aka murza fulawar. Doubles ba ka da wannan tambaya ko ɗaya. Shi ya sa na fara da shi.

Malamin Tarihi: Bari in sa baki, don akwai dalilin da ya sa abin ya zo haka. Da Ingila ta soke bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, aka kammala 'yanta bayi a 1838, yawancinsu suka bar gonakin rake. Masu gonaki suka rasa ma'aikata, sai aka koma ɗebo 'yan ƙwadago daga Indiya a kan yarjejeniyar shekara biyar-biyar. Jirgin farko, Fatel Razack, ya iso Trinidad ranar 30 ga Mayu 1845, kuma ranar hutu ce a ƙasar yanzu. Daga nan zuwa 1917 an kawo sama da mutum 140,000, galibi daga Uttar Pradesh da Bihar, Hindu ne mafi yawa, da Musulmi a cikinsu. Talakawa ne da nama ba ya cikin cimarsu ta kullum, ko don addini ko don babu. Fulawa da wake da mai da kori, da su suka gina girkinsu.

Shi doubles kansa gidan Musulmi ya fito. Emamool Deen da matarsa Rasulan ne suka fara a Princes Town a 1936. Da farko soyayyen channa yake tallatawa a ƙunshin takarda, daga baya ya koma dafaffe da kori a kan bara guda. Masu saye suka riƙa cewa a ƙara musu bara ta biyu, abin ya zauna a haka, sunan doubles, wato ninki biyu, ya bi shi. 'Yan'uwan matar, zuri'ar Ali, su ma suka shiga sana'ar, kuma har gobe sunan Ali na kan rumfunan doubles a kudu. A wancan zamani abincin marasa galihu ne, ana ɗan raina mai sayar da shi. Yanzu ɗan Trinidad da ya sauka filin jirgin Piarco daga Turai, wani ko gida ba ya isa sai ya tsaya ya ci.

Bakano Mai Gardama: To Alhamdulillahi, tunda na 'yan'uwa ne na janye rabin gardamata. Rabin na nan: da rana kuma fa? Mutum ba zai rayu a kan wake ba sai ka ce ɗan kurkuku.

Likitan San Fernando: Da rana roti. Kada ka ɗauka irin ɗan siririn da ake ba ka a gidan abincin Indiyawa ne. Wannan faffaɗa ne kamar faranti. Mai suna dhalpuri, tsakiyarsa an barbaɗa niƙaƙƙen wake da geera kafin a murza a gasa, sai a zuba miyar korin kaza ko akuya ko jatan lande da dankali da kabewa, a naɗe kamar ƙunshi. Ɗaya ya ishi ƙato har dare. Ɗayan kuma buss up shut, mai mai ne, ana bubbuga shi a kan tanda da katako biyu har ya yayyage, ka riƙa gutsura kana dangwalar miya. In ka ga mutum ya nemi cokali mai yatsu don cin wannan, baƙo ne. Sannan akwai pelau, shinkafa da wake da kaza da madarar kwakwa, wadda ake fara ƙona sukari a mai kafin a zuba naman, shi ke ba ta launin ƙasa-ƙasa.

Ɗan Jirgin Ruwa: Likita ka manta babban tarkon, kuma shi ya fi kama mutanenmu. Ba naman da ake gani ne matsala ba. Griot, soyayyen alade na Haiti, ko jerk, gasasshen alade a Jamaika, kana gani ka san mene ne, ka wuce. Matsalar ita ce jelar alade mai gishiri da ake jefawa a tukunya don ɗanɗano, ta narke a ciki. Corn soup da ake sayarwa da dare a Queen's Park Savannah, masara ce da wake da kabewa, ka ɗauka miyar ganye ce, amma da yawa da jelar ake dafa ta. Callaloo, miyar ganyen gwaza da kuɓewa, ma haka, pelau ma wasu na sakawa. A Jamaika miyar jan wake da stew peas kusan kullum da ita. In ka ce "akwai alade?" wani zai ce maka babu da zuciya ɗaya, don shi a wurinsa kayan ɗanɗano ne, ba nama ba. Ka ambaci sunanta, ka ce pigtail, ka kuma tambayi salt meat, wato naman gishiri.

Maman Biyu: An ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Ban da wannan jelar dai!

Ɗan Jirgin Ruwa: Wallahi kuwa Hajiya. Ɓangaren masu Sifaniyanci ya fi wuya. A Jamhuriyar Dominika karin safe mangú ne, dakakkiyar ɗanyar agada da soyayyen cuku da ƙwai da salami, sai ka ce a cire salamin. Mofongo na Puerto Rico, shi ma na agada ne, da soyayyar fatar alade ake kirɓa shi. Inda na fi sakewa Barbados ne, burodi da soyayyen kifi a ciki, suna ce masa cutter, sai bokit na Guadeloupe, soyayyen burodi mai haɗi a ciki, in ka zaɓi na kifi. A Jamaika kuwa ka nemi shagon 'yan Rasta masu abincin ital, su ba sa kusantar alade, yawancinsu nama ma gaba ɗaya ba sa ci.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, kana nan? Kazar roti ɗin nan fa, in ban san wanda ya yanka ba?

Malam na Zaure: Ina nan ɗana, ina karantawa. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma malaman tafsiri sun ce yankansu ake nufi. Saɓanin da ke tsakanin malaman zamani a kan mayankar inji ne, inda ba a tabbatar an yanka ko an ambaci sunan Allah ba. Sannan ka lura, ƙasar da za ka akwai mabiya Hindu da yawa, su kuma ba sa cikin hukuncin ayar. Don haka kada ka yi wa garin hukunci guda. Inda halal bayyananne yake samuwa ba wahala, me zai kai ka ga mai shakka? Likita ya fi ni sanin ko yana samuwa.

Likitan San Fernando: Yana samuwa sosai, Malam. Musulmi wajen kashi 5 cikin ɗari ne, amma sun yi ƙarfi a sana'ar abinci, kuma shagunan roti da yawa na liƙa alamar halal a ƙofa. Ƙasar da Musulmi, Noor Hassanali, ya yi shugabancinta daga 1987 zuwa 1997, ba wanda zai yi maka kallon baƙon abu don ka tambaya. Masallatai na nan a San Fernando da Princes Town da kewaye. Ranar Juma'arka ta farko ka tambayi na kusa da kai a sahu inda yake sayen roti.

Anti Toronto: Ba wanda ya yi zancen bake and shark? Ko ni da nake ɓangaren Jamaika na san shi.

Likitan San Fernando: Wannan na ranar hutu ne, ba na ma'aikaci ba. A gaɓar Maracas ake cinsa, arewa, sai ka haura duwatsu daga Port of Spain. Soyayyen burodi ne a tsaga a sa soyayyen kifin shak, ka je tebur ka loda abin da kake so, abarba, kabeji, tumatir, tsamiya, miyar tafarnuwa. Yana da daɗi, amma ni na daina cin na shak ɗin. Kifi ne mai jinkirin girma, 'ya'yansa kaɗan, an kama shi har ya yi ƙaranci, kuma da yake shi ke cinye sauran kifaye, sinadarin makyuri na taruwa a jikinsa. Mai ciki ba na ba ta shawarar ci. Ka ce a sa maka wani kifin da suke kira kingfish, burodin da kayan haɗin duk ɗaya ne.

Bakano Mai Gardama: Kifin da ke cin mutane ma halal ne?

Malam na Zaure: A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Hadisin na cikin Muwaɗɗa: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Maganar Likita ta lafiya ce da ɓarna, ba ta haramci ba, kuma abin dubawa ce.

Ɗan Zongon Kumasi: Ni abin da ya ɗaure mini kai ackee ne. Na ga hoton karin kumallon Jamaika, na ce wannan ai itacen da ke bayan gidan kakata ne, wanda muke jifa muna yara. Ashe a can abincin ƙasa ne.

Malamin Tarihi: Shi ne ɗan'uwa. Daga Afirka ta Yamma aka kai shi Jamaika a ƙarni na 18, zamanin jiragen bayi. Abokin tafiyarsa, kifin gishiri, daga arewa ya fito, gaɓar Newfoundland ta Kanada. Mafi ƙasƙancin daraja ake turowa tsibiran don ciyar da bayi, a musanya da barasa da ruwan rake. Yau an wayi gari kifin tsada yake. Ana jiƙa shi a rage gishirin, a soya da ackee da albasa da attaruhu, a ci da soyayyen dunƙulen fulawa ko dafaffiyar ɗanyar ayaba ko doya. Da kifin nan ake yin accra, wani abu kamar ƙosai, a Trinidad, da buljol, kwaɗon kifin, da ake cusawa a burodi da safe.

Likitan San Fernando: Tunda itacen na bayan gida, Ɗan Zongo, ka ji wannan da kyau kafin wani ya je ya gwada. Ackee da bai buɗe da kansa a kan itace ba guba ne. Akwai sinadarin hypoglycin a ciki, yana faɗar da sukarin jini warwas, sai amai, sai suma, yara sun fi mutuwa. A kudu maso yammacin Burkina Faso an rasa yara ta wannan hanya a 1998. Sai ya tsage da kansa baƙaƙen ƙwallayen sun bayyana, a cire su, a cire jan zaren, a tafasa farin naman a zubar da ruwan. Amurka ta hana shigo da shi a 1973, sai a 2000 ta buɗe ƙofa ga na gwangwani daga kamfanonin da ta tantance.

Ɗan Zongon Kumasi: Subhanallah. Shi ya sa tsohuwa ke korarmu da sanda.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin sha fa, don in kora?

Ɗan Jirgin Ruwa: Ruwan kwakwa, a sare maka a gabanka. Zoɓo ma na nan, sorrel suke ce masa, sai dai sun fi yinsa lokacin Kirsimeti, kuma a Jamaika ana yawan zuba masa giya, ka tambaya. Mauby na ɓawon itace ne, zaƙi a gaba ɗaci a baya, ba kowa ke jure shi ba. Masu haɗa madarar gyaɗa da su mauby wasu na ɗiga Angostura bitters don ƙamshi, 'yar kwalba mai takardar da ta fi ta tsawo. Barasar da ke ciki ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ka ce kada a ɗiga.

Maman Biyu: Ni kun sa yawuna ya tsinke, gobe zan gwada doubles ɗin nan wa yara. Channa ne ban san inda zan samu ba. Gurjiya za ta yi?

Bahaushen Madani: Hajiya, shi ne kabkabe da muke yin balila da shi a Sudan da azumi. Shagunan 'yan Lebanon da Indiyawa ba sa rasa shi, busasshe ko na gwangwani.

Bakano Mai Gardama: In aka sa gurjiya ai ya tashi daga doubles.

Likitan San Fernando: Sa abinki Hajiya, kada ki biye masa. Gurjiyar ta kwana a ruwa, ki dafa ta sai ta fara fashewa, ki murƙushe kaɗan da bayan ludayi don romon ya kama jikinsa. Inda za ki sha wuya wajen bara ne. Kwaɓin ya yi laushi har yana manne wa hannu, ki shafa mai a tafinki maimakon barbaɗa fulawa, ki baza ta siririya sosai, man kuma ya yi zafi ƙwarai. Tana kumbura ki juya ki tsame, ki rufe su da tawul nan take. Tsamiyar ki dafa da sukari da tafarnuwa da ɗan gishiri.

Maman Biyu: Kurkur ɗin cokali nawa a kofi biyu na fulawa?

Likitan San Fernando: Rabin ƙaramin cokali ya isa. In ya fi haka ɗaci zai yi.